Sauke ƙafar MX-5 a garejin gida: littafin aiki

Asabar, 7 ga Maris

Yau awo kawai na yi, ko sifana ban ɗauka ba. Motar Mazda MX-5 ce ƙirar 2002, zubi na biyu da ake kira NB, wanda aka ƙera daga 1998 zuwa 2005. Injin 1.8, taya 195/50 a kan rim 15. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan tana kan shokazobar da ta fito da ita daga kamfani, kuma ta bayan hagu ta fara tsiyayar mai. Tunda canji ya zama dole, na ce a haɗa da abin da ya daɗe yana damuna: yatsuna huɗu na shiga tsakanin taya da fenda, motar na tsaye kamar wadda ta tattare zani za ta tsallaka ruwa.

Ba daga ƙasa na auna ba, domin iskar taya da cin da taya ta yi suna sauya wannan awon. Daga tsakiyar rim zuwa leɓen fenda na ja tef, tanki rabi, babu kowa a ciki. Gaba: hagu milimita 348, dama 352. Baya: hagu 357, dama 363. Ɓangaren direba ya fi zama ƙasa, ba abin mamaki ba ne ga sifirin da ya daɗe yana ɗaukar mutum ɗaya.

Abin da nake so: 305 a kowace kusurwa. A ina na samo wannan lamba? Daga hotuna. Na rubuta haka ne don kada nan gaba in yi wa kaina ƙarya cewa lissafi na yi.

Kasafi na raba shi kashi ɗari: 70 na koiloba (shokazoba haɗe da sifirin, mai daidaita tsayi), 10 na alaimen (daidaita zaman tayoyi), 10 na kayan aikin da ba ni da su, 10 na ko-ta-kwana.

Laraba, 11 ga Maris

Kaya sun iso. Koiloba huɗu, wato shokazoba mai sifirin a jikinta, da zare a gangar jiki, da zobba biyu: ɗaya na ɗaukar sifirin, ɗaya na kulle shi. Sun zo a haɗe da kawunansu, saboda haka ba sai na matse sifirin ba, kuma wannan shi ne aikin da na fi tsoro.

Na daɗe ina kai-kawo tsakaninsu da gajeren sifirin kawai, wanda ya fi araha nesa ba kusa ba. Abin da ya raba gardama: gajeren sifirin tsayi ɗaya yake ba ka, in bai yi maka ba sai ka sake saye, ga shi zai zauna kan shokazobar da ba don shi aka yi ta ba. Yanke sifirin kamfani da giranda kuwa ko a mafarki.

Ƙarfin sifirin: kilo 7 ga kowane milimita a gaba, kilo 5 a baya. Sai dai ba wannan ƙarfin taya ke ji ba. Ƙafar motar nan hannu biyu gare ta a kowace kusurwa, na sama da na ƙasa, kuma shokazoba tana zaune ne a tsakiyar hannun ƙasa, ba a bakin taya ba. Idan taya ta hau milimita 10, sifirin gaba misalin 7 kawai yake matsuwa. Idan aka ninka 0.7 da kansa, za a ga kusan rabin ƙarfin ne ke isa ga taya. Haka kuma a wajen daidaitawa: zaren zoben milimita 1.5 ne a kowane zagaye, amma a fenda kusan 2 zai nuna.

Na fesa man sassauta tsatsa a kowane noti da zan taɓa.

Alhamis da Juma'a

Feshi safe da yamma. Na shafa wa zaren koiloba giris mai hana kamawa.

Asabar, 14 ga Maris

Gaba ta gama, awa biyar da rabi, ni da ƙanena.

Mun sassauta notin taya tun motar na ƙasa, muka ɗaga ta da jak, muka ɗora ta kan matokaran ƙarfe huɗu, na girgiza ta da ƙarfi kafin kowa ya sa kai a ƙarƙashi. Tayoyin da muka cire na tura su ƙarƙashin gefen motar, ko da wani abu zai zame.

A wannan mota shokazobar gaba ba ta fita sai hannun ƙasa ya sauka sosai, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a zare doguwar kusar da ke riƙe hannun sama. Kusar doguwa ce da gaske, gaba take fita, sai ta ci karo da mariƙin sitabilaiza, sandar da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage jirkicewa. Minti arba'in na ɓata ina lallaɓa ta kafin na yarda cewa sai an cire ledar ƙarƙashin inji an kwance mariƙin. Da aka kwance, da yatsu biyu ta zaro. Wayar na'urar ABS, mai hana taya kullewa a birki, ma sai an cire ta daga maƙalinta, in ba haka ba nauyin ƙafar gaba ɗaya a kanta zai rataya.

'Yan sandunan da ke haɗa sitabilaiza da hannun ƙasa su ne suka ba mu wuya. Notin 14 ne, a tsakiyar kusar kuma akwai ramin alanki 5 da ake riƙe ta da shi don kada ta juya. Na dama tsatsa ta cinye ramin, alankin sai zamewa yake. Zarto ya raba mu. Na riga na san sai na sayi sababbi, to yanzu ba zaɓi.

Ƙanena na riƙe koiloba daga ƙasa, ni ina ɗaure noti biyu na sama ta cikin bonet. Ya ce, "Yaya, wannan ai ta fi tsohuwar gajarta da kusan taƙi." Ba ta kai taƙi ba, amma na fahimci abin da ya gani. Muka mayar da doguwar kusa, na ɗaure ta tamau, muka tashi muna jin kanmu gwanaye.

Lahadi, 15 ga Maris

Na ɗauka baya za ta fi sauƙi. Dama ta fi sauƙin kuwa, minti hamsin. Hagu ce ta tsayar da aikin gaba ɗaya.

Tun daga sama ta fara nuna hali. Notin kan shokazobar baya ta cikin but ake isa gare su, na hagu kuma suna ɓoye bayan bututun da ake zuba fetur. Sai an cire kafet, an kwance farantin ƙarfen da ke kare bututun, sannan a zura soket mai doguwar sanda da gwiwa, ana aiki da lalube. Wannan an wuce shi.

Kusar ƙasa ita ce matsalar. Tana ratsa hannun ƙasa ne ta shiga wani noti da kamfani ya kulle a cikin ɗan keji a cikin hannun, inda ido ba ya gani, sifana ba ta shiga. Na ɗora soket 17 da doguwar sanda, na danna, ta ƙi. Na ƙara bututu a kan sandar. Na ji "ƙas", sandar ta tafi da sauƙi, na ce alhamdulillahi ta saki. Na juya sau goma, sau ashirin, kan kusar bai matso ko gashi ɗaya ba. Kejin ne ya ɓalle, noti da kusa suna juyawa tare a ciki.

Laifina a nan a fili yake. Duk feshin kwana uku a kan kusar na yi shi, ta waje, alhali zaren da ya kama yana can ciki. Akwai 'yar kafa a jikin hannun da zan iya zura bakin feshin, ban neme ta ba. Da na ji ta ƙi kuma, maimakon in ɗan ɗaure in sassauta, in ɗan ɗaure in sassauta, sai na ƙara tsawon sanda.

Ƙanena ya ce, "Yaya, a sa mata wuta mana." Na nuna masa sama: tankin fetur ga shi nan kusa da kanmu. Ba wuta, ba giranda mai tartsatsi a wurin nan.

Abin da muka yi: na yi wa kusoshin alaimen biyu na ciki alama da farin fenti, muka kwance su, muka buge doguwar kusar waje da ke haɗa hannun da mazaunin taya, muka sauke hannun da shokazobar a manne da juna. A kan teburin aiki, nesa da mota, na yanka taga a jikin hannun don in ga abin da ya faru. Notin ya zama dunƙulen tsatsa, cikin hannun kuma sai ɓarɓashi yake zubarwa kamar busasshen ganye. Wasu suna walda tagar su mayar. Ni da na ga kaurin ƙarfen da ya rage, na jefa shi kwandon tarkace.

Kashi 10 na ko-ta-kwana ya tafi yau, har da ƙari.

Talata, 17 ga Maris

Na samu hannun ƙasa na hannu, mai tsabta, bushin ɗinsa, wato robobin da kusoshi ke ratsawa, ba su tsage ba. Na yi odar sababbin kusoshin alaimen biyu, da kusar shokazoba, da sandunan sitabilaiza huɗu. Kasafi ya kai 114. Mota na kan matokari.

Asabar, 21 ga Maris

Kusoshi ba su iso ba. Na wanke cikin fenda, na kankare tsatsa, na shafa fenti. Ba abin da ya kawo ni ba, amma zama ya yi yawa.

Laraba, 25 ga Maris

Jiya kaya suka iso, da daddare na haɗa bayan hagu. Yau na sauke mota ƙasa, na tura ta gaba da baya don tayoyi su zauna, na ja tef. Baya 306 da 304, daidai abin da na nufa. Gaba 322 da 319. Zobba huɗun duk a wurin da lissafi ya ce, amma hancin motar ya ɗaga sama.

Na fara juya zoben gaba ƙasa, zagaye huɗu, sai na tsaya. Wani abu ne ke riƙe motar, kuma ba sifirin ba ne. Na zauna kan taya na bi abin da muka yi ranar 14 ɗaya bayan ɗaya, har na iso kan doguwar kusar da na ɗaure tamau.

Bushin ɗin roba na hannayen motar nan ba sa juyawa a kan kusa. Bututun ƙarfen da ke cikinsu kusa ce ke damƙe shi, robar ita ke murɗuwa idan ƙafa ta hau ko ta sauka. Ke nan inda aka ɗaure kusa, nan ne robar ta ɗauka wurin hutunta. Ni kuwa na ɗaure ta ƙafa na lilo a iska. Da motar ta sauka, robar ta murɗe tana ƙoƙarin mayar da ƙafar inda take, ta zama wani ƙaramin sifirin da ban saya ba. Da na bar ta haka, da robar ba ta daɗe ba ta yage. Kuma ba doguwar kusar kaɗai ba: sauran bushin ɗin da ban taɓa ba an ɗaure su ne a tsayin kamfani, yanzu su ma a murɗe suke da milimita arba'in da wani abu a gaba, hamsin da wani abu a baya.

Na mayar da zagaye huɗun. Na hau da tayoyi huɗu kan katakai masu kauri don in samu wurin shiga, na sassauta duk kusar da ke ratsa roba, gaba da baya, na danna kowace kusurwa sau da yawa, sannan na ɗaure da sifana mai ma'auni nauyin motar na kan tayoyinta. Awa uku a kwance, hanci na gogar ƙarfe. Gaba ta sauko 307 da 305.

Na tsaya daga nesa na kalle ta. Ta yi kyau, wannan ba gardama. Yatsa ɗaya da ƙyar.

Alhamis, 26 ga Maris

Gwajin farko, kilomita 18 a hankali, tunda alaimen ya wargaje.

Tun a bakin gareji leɓen bamba ya gaisa da siminti. A kan kwalta mai santsi komai lafiya, sitiyari ya yi kaifi, jirkicewa ta ragu. Da na shiga hanya mai faci-faci sai bayan motar ya fara tsalle kamar akuya, ba laushi ba tauri, wani irin bugu ne da ke hawowa ta kujera zuwa ƙashin baya. A wata kwana mai ɗan tudu a tsakiya bayan ya yi tsalle gefe, ba da yawa ba, amma ya isa in cire ƙafa daga totur. Tudun rage gudu kuwa sai da na bi shi a karkace, duk da haka wani ƙarfe ya yi kuka a ƙasa.

Kafin in fita na ɗaura ɗaurin waya na roba a sandar kowace shokazoba, na tura shi ƙasa. Duk inda shokazoba ta matsu, can za ta bar shi. Da na dawo na haska tocila: na baya biyun sun nutse cikin robar ƙarshe, wadda aka sa don ta tare bugu idan tafiyar shokazoba ta ƙare. Na auna motar na tsaye, tsakanin gangar shokazoba da robar nan milimita 9 ne kacal, babu direba. Da na zauna a ciki ƙanena ya auna, 4. Ashe ba kan sifirin nake tafiya ba, kan guntun roba nake.

Bayan MX-5 na farko da na biyu dama an san shi da ƙarancin tazara, na karanta, na sani. Koilobar da na saya kuma zoben sifirin kawai take da shi, tsawon gangarta ba ya sauyawa, saboda haka duk milimitan da na sauke daga tazarar shokazoba na cire shi. Akwai kuma wata ƙara "ƙwal" idan taya ta faɗa rami. Na ɗaga motar na gani: idan ƙafa ta saki gaba ɗaya, sifirin gaba sakwaf yake, ina juya shi da hannu.

A gaba taya ta goge ledar cikin fenda har ta yi sheƙi a wuri biyu. Hannayen ƙasa kuma, maimakon su kwanta daidai ko su ɗan gangara zuwa taya, sun ɗaga sama ta wajen taya. Idan suka yi haka, wurin da motar ke jirkicewa a kansa yana faɗuwa fiye da yadda tsakiyar nauyinta ya sauka, sai ribar da aka je nema ta fara zubewa. Sandar sitiyari ma ta karkace, shi ya sa sitiyarin ke fizga idan taya ɗaya ta hau tudu.

Asabar, 28 ga Maris

Na ɗaga ta. Sabon nufi: 320 gaba, 330 baya. Na yi kwana biyu ina jayayya da kaina a kan wannan, don ido ya riga ya ga 305.

Wannan karon na yi abin a tsanake. Da tiyo mai ruwa irin na magina na gwada daɓen garejin, na tarar kusurwar bayan dama ta fi sauran ƙasa da milimita 8. Ke nan duk awon da na rubuta a sama akwai 'yar ƙarya a cikinsa. Na cike da fale-falen tayil. Na ɗora buhunan yashi kilo 75 a kujerar direba, na daidaita iskar taya, na cire sandar sitabilaiza ɗaya gaba ɗaya baya don kada su ja awon.

Abin da ke cin rai: ka ɗaga bayan hagu, gaban dama ya sauka. Kamar tebur mai ƙafa huɗu, ba a taɓa ɗaya sauran su zauna lafiya. Kowane gyara sai an ɗaga mota, an cire taya, an goge zare, an juya zobe, an mayar, an sauke, an tura gaba da baya, an auna. Sau bakwai. Na ƙare a 320 da 321, 330 da 331. Sannan aka sake shiga ƙasa a sassauta kusoshin bushin a ɗaure a sabon tsayi.

Tazara kafin robar ƙarshe a baya, da yashi a kujera: milimita 23. Sifirin gaba ya daina lilo.

29 ga Maris zuwa 3 ga Afrilu

'Yan gajerun tafiye-tafiye don ta zauna. Kilomita 140. Ta sauka milimita 2 a baya, na bar ta.

Asabar, 4 ga Afrilu

Alaimen. Shi kaɗai ne abin da ban yi a gida ba. Sai da aka shimfiɗa katako kafin ta hau injin.

Lambobin farko sun nuna dalilin da ya sa ba a tsallake wannan mataki: tayoyin baya sun kwanta ciki digiri 2.3 a hagu, 1.9 a dama, bayan hagu kuma bakinta waje yake kallo, wanda shi ne mafi haɗari a cikin kwana. Mai aikin, dattijo ne, ya kalli allon ya kalle ni ya ce, "Malam, da wannan ka zo?" Na ce a hankali na zo. Ya ce, "Allah ya tsare."

Na ba shi abin da nake so a takarda, na zauna a kujerar direba yana aiki: kwanciyar taya digiri 1.2 a gaba, 1.5 a baya, kasta (jinginar ƙafar gaba zuwa baya) kusan digiri 5, bakin tayoyin gaba a miƙe, na baya su ɗan kalli ciki milimita ɗaya da rabi jimilla. Komai ya samu sai gaban dama. Kusar kasta ta kama da bututun bushin, idan ya juya ta robar ce ke murɗuwa ta dawo. Ya ce kada ya tilasta ta. Muka daidaita hagu da abin da dama ta yarda ta bayar, 4.6, don kada motar ta riƙa ja gefe.

Kasafi ya tsaya a 121, ban sa kwanakin da motar ta yi a kan matokari ba.

Lahadi, 5 ga Afrilu

Na daidaita fitilun gaba a jikin bango. Na bi notin taya da sifana mai ma'auni a 105 Nm, cikin abin da littafin motar ya bayar.

Asabar, 18 ga Afrilu

Kilomita 600 tun alaimen. Kwanar nan mai tudu a tsakiya na bi ta sau uku, bayan ya haɗiye tudun bai motsa ba. Ɗaurin robar yana taɓa robar ƙarshe ne kawai a manyan ramuka. Ledar fenda na shafa mata alli, allin na nan. Bamba har yanzu tana gogar bakin gareji idan na shigo a miƙe, sai a karkace.

Awo: 319, 320, 328, 329. Yatsu biyu a gaba, biyu da ɗan ƙari a baya. Ƙanena ya ce shi dai ta ranar 25 ta fi burge shi. Na ce in ya sayi tasa ya sauke ta.

Zobe ɗaya na kullewa, bayan dama, na same shi ya ɗan saki, na buga shi da maƙullinsa. Aikin da ya rage: kusar kasta ta dama sai an yanke ta, in an yanke kuma bushin ya tafi, in za a canza ɗaya gara a canza na gaba duka, sannan a sake biyan alaimen. Sitiyari yana ɗan fizga kaɗan a kan tudu, zan auna kusurwar sandarsa kafin in sayi abin ɗaga akwatin sitiyarin. Na fara feshin kusoshin tun yau, ta ciki.